Tambaya da Amsa: Agogon Gaske, Agogon Jabu da Abin da Ke Cikin Injinsu

Galibin wasiƙun da suka zo mana a wannan karon a kan agogon hannu suke, musamman irin wanda ba ya amfani da batir, wato mai wani da mai wana kansa da motsin hannu. Na zaɓi biyar daga ciki, domin amsarsu za ta wadatar da sauran masu tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Maraɗi. Wani dillali mai zuwa Dubai ya kawo mini Rolex samfurin Submariner, baƙi mai nuna kwanan wata, da kwalinsa da katin garanti. Ya ce na hannu ne amma na gaske, yana neman sefa jikka 350. Agogon yana da nauyi, kuma hannun sakan ɗinsa yana tafiya sumul ba ya tsalle. Na ji ana cewa waɗannan biyun su ne alamar na gaske. In saya? Daga wani Alhaji, unguwar Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin a je ga nauyi ko tafiyar hannu, farashin da aka faɗa maka ya riga ya ba da amsa. Sabon Submariner na ƙarfe zalla, a shagon da kamfanin ya amince da shi, kuɗinsa ya haura Yuro 9,000, wato kusan sefa miliyan 6 idan aka lissafa da canjin da aka tsayar na sefa 655.957 a kan Yuro ɗaya, kuma wannan samfuri yana cikin waɗanda na hannunsu ba ya faɗuwa sosai, wani lokaci ma yakan fi sabon tsada saboda yawan masu jiran layi. Dubai kuwa cike take da masu sayen irin wannan agogo nan take da kuɗi a hannu, saboda haka babu abin da zai sa mai na gaske ya ƙetare su duka ya kawo shi Maraɗi a kan jikka 350. Ko dai jabu ne, ko kuwa na sata, kuma na farkon ya fi kusa.

Alamomi biyun da ka ambata sun yi aiki a da, lokacin da masu yin jabu ba su ƙware ba, amma yanzu sun tsufa. Jabun Rolex hawa-hawa ne. Na ƙasa shi ne wanda aka sa wa injin batir, hannunsa yana tsalle sau ɗaya a kowane sakan, kuma wannan ko yaro zai gane shi, domin tun daga 1953 da aka fara yin Submariner ba a taɓa sa masa injin batir ba. Na tsakiya shi ne wanda aka sa wa inji mai wana kansa na araha, wanda yawanci yake bugawa sau 21,600 a awa, wato sau shida a sakan, alhali injin Submariner na yau yana bugawa sau 28,800, sau takwas a sakan. Duka biyun ido yana ganinsu sumul, sai an ajiye su gefe da gefe kafin a lura cewa ɗaya yana ɗan rawa. Na sama kuwa, wanda ya fi ba masana wahala, shi ne wanda masana'antun ɓoye na ƙasar Sin suke kwaikwayon har injin kansa, su yi amfani da ƙarfe mai nauyi, da gilashin da ba ya karcewa, da zoben tangaran a kewayen fuska, har ya zamana ma'auni ba ya raba su da na gaske sai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Duk da haka akwai abubuwan da za ka iya dubawa kana zaune a shagonka, idan ka samu madubin ƙara girma irin na maƙeran zinariya. Ƙullutun gilashin da ke kan kwanan wata, a na gaske, yana ƙara girman lambar sau biyu da rabi, har ta cika tagar kuma ta zauna a tsakiya daidai. A yawancin jabu lambar takan fito ƙarama ko ta karkata gefe. Rubutun da ke kan fuska, a na gaske, kowane harafi yana da kaifin baki kuma fentinsa bai malala ba. A gefen gilashi ta wajen ƙarfe shida akwai ɗan ƙaramin tambarin kambi da aka zana da ɗigo-ɗigo, wanda da ƙyar ido yake ganinsa. Idan ka gan shi ɓaro-ɓaro ba tare da ka nema ba, wannan ma abin tuhuma ne. Bayan Submariner ƙarfe ne fili, ba rubutu ba gilashi, saboda haka duk wanda aka nuna maka injinsa ta baya ba daga Jeneba, mazaunin kamfanin Rolex a Suwizalan, ya fito ba. Zoben da ke kewaye da fuska yana juyawa ta gefe ɗaya kawai, da ƙara mai tsafta sau 120 a zagaye guda, ba ya sassauci.

Gwajin da na fi so shi ne wanda ke buƙatar haƙuri. Ka wana agogon ya cika, ka daidaita shi da agogon wayarka, ka ajiye shi kada a taɓa. Injin Submariner na yanzu, mai lamba 3235, yana riƙe ƙarfi kimanin awa 70, kuma tun 2015 kamfanin yana alkawarin cewa kuskurensa ba zai wuce sakan biyu a rana ba, gaba ko baya. Agogon da ya tsaya bayan kwana ɗaya da rabi, ko ya yi gudun sakan ashirin a yini, ko dai ba na gaske ba ne ko kuma yana da ciwon da gyaransa zai ci kuɗi da yawa.

Kati da kwali kuwa kada su ruɗe ka, Alhaji, domin buga kati ya fi ƙera inji sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ana sayar da su su kaɗai. Abin da zai ɗan taimaka shi ne ka rubuta lambar da aka zana a bangon ciki, tsakanin gilashi da fuska, ka neme ta a intanet, saboda masu yin jabu sukan buga lamba ɗaya a kan agogo masu yawa. Hukunci na ƙarshe yana hannun wanda zai buɗe agogon ya dubi injin, kuma buɗe bayan Rolex yana buƙatar makulli na musamman. Kada ka yarda wani ya sa masa wuƙa ko kurfi. A Legas da Abuja akwai dillalin da kamfanin ya amince da shi, kuma tun ƙarshen 2022 Rolex ya fara tsarin sayar da na hannu da shaidar kamfani a wasu shagunansa. Game da dillalinka, ka mayar masa cikin mutunci, domin mai yiwuwa ne shi ma cewa aka yi masa na gaske ne ya yarda.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Kawuna yana da Omega da ya saya da kuɗi masu yawa, amma kowace rana sai ya ƙara kusan sakan huɗu, alhali Casio ɗina na jikka biyar yakan yi wata bai kauce ba. To ina amfanin tsadar? Ko dai an cuce shi?

Amsa: Ɗana, ba a cuci kawunka ba, kuma abin da ka lura da shi gaskiya ne: Casio ɗinka ya fi Omega ɗinsa riƙe lokaci, kuma ya fi kowane Rolex da kowane Patek Philippe mai inji. Dalilin yana cikin yadda aka gina su.

A cikin agogo mai wani akwai wani dogon sifirin da aka naɗe cikin ɗan ƙaramin gwangwani. Idan an wana agogon da yatsa, ko motsin hannu ya juya wani ƙarfe mai siffar rabin da'ira da ke bayan injin, sifirin ɗin yana ƙara naɗuwa, kuma ƙoƙarinsa na warwarewa shi ke tura jerin ƙananan tayoyi masu haƙora har zuwa wani sashe da ke tare ƙarfin yana sakinsa kaɗan-kaɗan. Abin da ke auna wannan sakin shi ne wata 'yar da'ira mai lilo dama da hagu, wadda aka haɗa da wani siririn sifirin na biyu. A inji mai bugun 28,800 a awa, wannan lilo yana faruwa sau 691,200 a kwana ɗaya, kuma zafi, da sanyi, da yadda hannu ya karkata, da kaurin man da ke tsakanin ƙarafa duk suna taɓa shi. Idan ka tuna cewa yini da dare sakan 86,400 ne, za ka ga cewa injin da ya kuskure huɗu kacal daga ciki ya yi abin a yaba. Hukumar gwajin agogo ta Suwizalan, wadda ake kira COSC, tana gwada inji kwana 15 a yanayin ajiya biyar da matakin zafi uku, kuma tana ba da shaida ga wanda bai yi jinkirin fiye da sakan huɗu ko gudun fiye da sakan shida a rana ba. Agogon kawunka yana cikin wannan iyaka.

Casio kuwa yana dogara ne da ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz da wutar batir ke sa shi kaɗawa sau 32,768 a sakan, kuma kuskurensa sakan 15 zuwa 30 ne a wata. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara sayar da agogon hannu irin wannan, mai suna Astron, ranar 25 ga Disamba 1969, a kan Yen 450,000, kuɗin da a lokacin zai sayi mota. Cikin 'yan shekaru farashin ya rushe, masana'antun Suwizalan suka shiga uku, ma'aikatansu suka ragu daga kusan 90,000 a 1970 zuwa kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Waɗanda suka tsira sun gane cewa ba za su ƙara yin gasar daidaito ba, sai suka koma sayar da aikin hannu, da daɗewa, da suna.

Mai kiwon doki a Tsibirin Gobir ya san babur ya fi dokinsa sauri da sauƙin ɗawainiya, amma ba don sauri yake kiwonsa ba. Abin da mai agogon inji yake saye shi ne na'urar da ba ta buƙatar wuta, wadda kowane sashenta ana iya kwance shi a wanke a mayar, kuma wadda jika zai iya ɗaurawa bayan kaka. A ganina wannan daraja ce ta gaske, sai dai ba zan ɓoye maka ba cewa kaso mai yawa na kuɗin manyan kamfanoni kuɗin suna ne da talla, ba kuɗin ƙarfe da gumi ba. Kai da ke zuwa aji da jarrabawa, Casio ɗinka ya ishe ka.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar Seiko 5 da ya sayo a Makka lokacin aikin hajji, 'yan'uwa suka bar mini shi. Ya yi shekaru a akwati. Idan na girgiza shi yana tashi, sai ya tsaya bayan 'yan mintoci. Zai gyaru? Daga wani malamin makaranta a Tasawa.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, Malam, ya kuma saka wa 'yan'uwanka da alheri. Tashin da yake yi idan an girgiza shi alama ce mai kyau, tana nuna cewa babu abin da ya karye, man da ke cikinsa ne ya bushe ya daskare. Seiko 5 ya fito tun 1963, an yi miliyoyinsa, kayan gyaransa suna samuwa, kuma tsofaffin masu gyaran agogo na Maraɗi da Katsina da Kano sun san cikinsa sarai. Abin da za ka nema shi ne a kwance injin gaba ɗaya, a wanke kowane sashe, a sa mai na agogo a wuraren da ya dace, a kuma canja robar da ke bayan murfi. Ka kiyayi wanda zai tsoma injin a fetur ko kananzir ya ɗiga masa man keken ɗinki ya miƙo maka. Agogon zai yi tafiya wata biyu, sannan ya lalace fiye da da. Ka kuma gaya masa tun farko cewa kada ya sake fentin fuskar, kada ya musanya hannuwan, kuma duk abin da ya cire ya ba ka.

Idan kana son sanin shekarunsa, dubi lambar da ke bayansa: a tsarin Seiko adadi na farko shi ne ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, na biyu kuma wata ne, inda O da N da D suke tsayawa a madadin Oktoba da Nuwamba da Disamba. Tunda ka san shekarar da marigayin ya yi hajji, ba zai yi wuya ka gane shekaru goman da ake nufi ba.

Bayan gyara, ƙasarmu tana da abokan gaban agogo guda uku. Ƙurar hunturu tana shiga ta wajen maɓallin wani, don haka a riƙa tabbatar da an danna shi ciki. Zafin bazara, wanda a Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, yana tsinka mai ya busar da roba, saboda haka kada a bar agogo a cikin mota ko a rana. Na uku shi ne mayen ƙarfe da ke cikin lasifikar rediyo, da murfin wasu wayoyi, da maɓallin jakar hannu, wanda ke sa siririn sifirin ya manne da kansa har agogo ya riƙa gudun mintoci a rana. Ka cire shi lokacin alwala, domin tsohuwar roba ba abin amincewa ba ce, kuma ko sabon agogon da aka rubuta wa cewa yana jure ruwa mita 30 ba ya jure fiye da fantsamar ruwa. Kada kuma ka canja kwanan wata da hannu tsakanin ƙarfe tara na dare da uku na asuba, saboda a lokacin haƙoran da ke juya kwanan suna a saƙale, tilasta su yana karya su.

Tambaya: Ina so in yi wa maigidana kyautar agogo, kuɗina bai wuce jikka 120 ba. Mai shago ya nuna mini kwaikwayon Rolex ruwan zinariya, ya gaya mini gaskiya cewa ba na gaske ba ne, amma ya ce ba wanda zai gane. Ya kuma nuna mini Orient na gaske, amma bai kai wancan ƙyalli ba. Wanne zan ɗauka, kuma akwai laifi a sayen na kwaikwayo? Daga wata Hajiya, unguwar Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya bar ƙauna. Ɗauki Orient ɗin, kuma ba na ko tantama a kan wannan shawara. Orient kamfani ne na Japan da ke ƙera injinsa da kansa, kuma da kuɗin da kika ambata za ki samu agogon da aka san wanda ya yi shi, aka san lambar injinsa, kuma mai gyara zai iya nemo masa kaya bayan shekara goma. Na kwaikwayon, kuɗinsa ya tafi ne a kan fuska, inda mai saye yake kallo, cikinsa kuwa ba wanda ya sa hannu a kai. Sau da yawa ana haɗa injin ba tare da isasshen mai ba, ruwan zinariyar da aka shafa masa zai fara kaɗewa a gefen sarƙa da guminmu na bazara, kuma ranar da ya tsaya babu wanda za a riƙe. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Ya kamata a raba abubuwa biyu da mutane ke haɗawa. Akwai agogon da ya ɗauki kamannin wani shahararren samfuri amma ya rubuta sunan kamfaninsa a fuska, wannan bai yi wa kowa ƙarya ba. Akwai kuma wanda ya rubuta Rolex da kambinsa da shaidar cewa a Suwizalan aka yi shi alhali ba haka ba ne, wannan shi ne jabu. Mai shagon ya kyauta da ya faɗa miki gaskiya, domin hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Amma maganarsa ta cewa ba wanda zai gane ita ce inda matsalar take, domin tana nuna cewa amfanin agogon shi ne mutane su ɗauka abin da ba haka ba. Akwai hadisi a Buhari da Muslim da ya kwatanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafin ƙarya guda biyu. Ni ba mai fatawa ba ne, malamanku na unguwa su ne za su yanke hukunci, amma ina ganin mutum mai daraja ba ya son abokin kasuwancinsa ya tambaye shi labarin agogonsa ya rasa abin faɗa. Tunda kuma maganar zinariya ta shigo, ki sani cewa Rolex ɗin zinariya na yau ba shafe ba ne, zinariya ce mai karat 18, wato kashi 75 cikin ɗari, kuma sanannen abu ne cewa an haramta wa maza sa zinariya. Saboda haka ko mai halin sayen na gasken, na ƙarfe ya fi masa kwanciyar hankali.

Ta fuskar doka, Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa domin kare tambarin kamfanoni, saboda haka sayar da jabu ba halattaccen ciniki ba ne ko da an saba ganinsa a kasuwa. Idan kuma maigidan naki mai tafiye-tafiye ne, jami'an duwan na Faransa da Suwizalan suna da ikon ƙwace jabu ko da mutum don kansa ya saya, a Faransa ma har da tara.

Tambaya: Ina da Rado ɗaya, Tissot ɗaya da Seiko biyu, duka na gaske. Yanzu ina so in hau mataki na gaba. Tsakanin Rolex, Omega da Grand Seiko wanne ya fi? Kuma gaskiya ne agogo ya fi fili riba? Daga wani mai harkar sufuri, Madarumfa.

Amsa: Yallaɓai, ka fara da kyau, kuma idan Rado ɗin naka DiaStar ne, wanda ya fito a 1962 da jikin da ba ya karcewa, ka riƙe shi, domin iyayenmu alhazai sun san darajarsa. Kwatanta ukun da ka ambata ya danganta da abin da kake nema. Rolex, wanda Hans Wilsdorf ya kafa a Landan a 1905 kafin ya koma Jeneba, ƙarfinsa shi ne juriya da sauƙin sayarwa. Shi ya fito da jikin Oyster mai hana ruwa shiga a 1926, kuma ko'ina ka kai shi a duniya akwai mai saye. Wannan farin jinin ne kuma ya sa ya fi kowane agogo yawan jabu. Omega yana da tarihin Speedmaster da 'yan sama jannatin Amurka suka je wata da shi a 1969, kuma injinsa na yau da ke da shaidar Master Chronometer yana jure mayen ƙarfe har gaus 15,000 (gaus shi ne ma'aunin ƙarfin mayen ƙarfe), abin da ke da amfani ga mai yini tsakanin wayoyi da injina. Na hannunsa yakan faɗi ƙasa da farashin sabo, wanda hasara ce ga mai sayarwa amma dama ce ga mai saye. Grand Seiko, wanda aka fara a 1960, idan aka sa shi ƙarƙashin madubi gogewar ƙarfensa da tsaftar hannuwansa suna ƙure da yawa daga na Suwizalan masu irin kuɗinsa, sai dai a nan yankinmu mutane za su ga sunan Seiko su ɗauka na jikka hamsin ne, kuma sabis ɗinsa sai an tura shi nesa. Da ni ne mai zaɓe domin ɗaurawa kullum, Omega na hannu daga amintaccen shago zan ɗauka.

Maganar riba kuwa, a yi hattara. Gaskiya ne an sayar da Rolex Daytona na ɗan wasan Amurka Paul Newman a kan kusan Dala miliyan 17.8 a 2017, amma wannan kuɗin sunan mai agogon ne. Farashin na hannu na shahararrun samfura ya yi tashin gwauron zabo har zuwa farkon 2022, daga nan ya yi ta sauka, kuma waɗanda suka saya a ƙololuwa domin riba sun ji a jikinsu. Mafi yawan agogo masu tsada suna rage daraja da zarar sun bar shago, ga kuɗin sabis, ga haɗarin sata, alhali fili a Maraɗi ba ya buƙatar mai kuma ba a sa shi a aljihu a gudu.

Haɗarin da ya fi jabu wuyar ganewa ga mai tara tsofaffin agogo shi ne agogon haɗe-haɗe, wanda jikinsa na gaske ne amma fuskar daga wani agogon aka ciro ta, ko aka sake mata fenti, ko aka sa masa injin da ba nasa ba. A Nuwamba 2021 an yi gwanjon wani Speedmaster na 1957 a Jeneba a kan fiye da Faran miliyan 3 na Suwizalan, kuma kamfanin Omega da kansa ya saya domin gidan tarihinsa, sai a 2023 ya bayyana cewa agogon haɗe-haɗe ne daga sassan agogo daban-daban. Tsofaffin Seiko 5 ma ana yi musu haka da yawa, musamman waɗanda ake sake wa fenti mai launi a Indiya. Saboda haka duk wanda za ka saya, ka nemi a buɗe shi a gabanka, ka ɗauki hoton injin da lambobinsa, ka karɓi takardar saye mai ɗauke da lambar agogon da sa hannun mai shago, tare da sharaɗin mayarwa idan bincike ya nuna wani sashe ba nasa ba ne. Ka buɗe littafi ka rubuta lambar kowane agogo da ranar da aka yi masa sabis, ka ajiye littafin da takardun a wani wuri dabam da inda agogunan suke.